Farfaɗo da tsohon filen na itace: ta ina ake farawa?

Ɗan Koyo:
Salamu alaikum manyanmu. Tsohon filen ne (abin da kafinta ke kankare katako da shi ya yi sumul) na itacen bich, tsawon inci 17, da tambarin Mathieson na Glasgow a goshinsa. Ƙarfen ya yi tsatsa, weji (guntun katakon da ke matse ƙarfen) ya cije, ƙasan kuma ya ɗan murɗe. Da wanne ake farawa?

Tsohon Hannu:
Wa alaikumus salam. Kada ka doki wejin ta gefe, ta haka kumatun filen suke tsagewa. Riƙe ƙarfe da weji da hannu ɗaya, ka buga saman goshin da gudumar katako, girgizar za ta sake shi. In gajeren filen ne, ƙeyarsa ake bugu. Abin da na fi gani shi ne jikin ya bushe ya tsuke ya matse ƙarfen. Bayan ya fita, ci gefunan ƙarfen a dutse har ya sami sararin milimita 1 zuwa 2 na juyawa. Tambarin nan kuwa, kada samfefa ta taɓa shi.

Mai Washi:
Gaskiyarka Baba. Sai ƙarfe, shi ne ran filen. Ya kwana a binigar (ruwan khal), a wanke da ruwan sodar girki (baking soda), a busar nan take, a shafa mai. Bayansa ake fara daidaitawa a dutse, santimita 2 zuwa 3 na kusa da baki sun isa. In tsatsa ta yi ramuka a nan, dole a goge su ko a ci baki har a wuce su, in ba haka ba kaifin zai riƙa fitowa da giɓi. Washi a digiri 25, a ƙarasa a 30. In da inji ne, riƙa tsomawa a ruwa. Da zarar baki ya yi shuɗi ya yi laushi ke nan. Yawancin tsofaffin nan ƙarfe biyu ne aka haɗa, mai tauri siriri ne a baya, za ka ga layinsa.

Murfin ƙarfen, wato ƙarfe na biyu da ake ɗaurewa a bayansa, ya kwanta daram, ɗaga shi ga haske ka duba. In akwai kafa, ɓawon katako zai cusa ya toshe bakin filen, wato kafar da kaifin ke leƙowa ta ƙasa. Ja shi baya da kaifi kamar milimita 1.

Kafinta:
Malam, binigar na ci har lafiyayyen ƙarfe in ya daɗe, ni burushin waya da samfefa na fi yarda da su. Ɗan'uwa, ƙasan filen shi ne na ƙarshe. Mayar da ƙarfen, ja shi ciki, buga weji yadda za a yi aiki da shi, domin matsin wejin yana lanƙwasa jikin. Manna samfefa mai lamba 120 a gilashi mai kauri, zana fensir a ƙasan duka, ka goga. Da fensir ya goge a goshi, gaban baki da ƙeya, tsaya. Duk abin da ka ci, bakin ƙara faɗi yake yi. In ya riga ya buɗe, a sassaƙa gurbi a gabansa, a dasa guntun itace mai tauri da gam.

In filen yana karkarwa a aiki, shafa fensir a fuskar ƙarfen da ke kwanciya a jikin filen, ka ɗaure, ka kwance. Inda baƙi ya fito a mazauninsa, nan ne tudu, a kankare kaɗan-kaɗan.

Tsohon Hannu:
Dubi ƙananan ramuka a jikin itacen ma. In gari sabo yana zubowa, ƙwaro na ciki da rai: ɗaure shi a leda, firiza mako biyu. Man linsid shafawa ake yi siriri, a goge bayan minti 15, ba jiƙawa ba. Tsumman a baza shi ya bushe, in aka dunƙule yana iya kama wuta da kansa.