An ce mu kare muhalli, amma kuɗin dako bai motsa ba

Mai Kamyo, Tawa:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Kamyo 3 gare ni, shekara 14 ke nan ina dakon kaya daga Tawa zuwa arewa: siminti, ƙarfe, wani lokaci buhunan abinci na ma'aikatan mahaƙa. Makon jiya kamfanin da nake yi wa dako ya aiko mini da takarda shafi 6. Wai daga sabuwar shekara, duk mai son a sabunta masa kwangila sai ya cika sharuɗɗan kare muhalli. Baƙin mai kada ya taɓa ƙasa, a tara shi a duro, a kawo rasit daga wanda ya karɓa. Tsofaffin tayu da batura ma haka. Kowace tafiya a rubuta litar gazuwal nawa mota ta sha. Motar da ke tuƙa hayaƙi kuwa ba ta shiga ƙofarsu.

Wallahi ban ƙi ba. A garin nan na tashi, na ga yadda ƙasar bayan garejinmu ta koma baƙa ƙirin, ko ciyawa ba ta fitowa da damina, ruwa kuma ya wanke ta ya gangara inda dabbobi ke sha. Abin da ke hana ni barci shi ne kuɗin tan ɗaya bai ƙaru da ko dala ba. Sannan wa zai ba ni rasit na baƙin mai? Masu saye a hannuna kafintoci ne da ke shafa wa katako saboda gara, sai masu zubawa a masai don sauro. Wanda ya taɓa shiga irin wannan, don Allah ya faɗa mini yadda ya yi.

Direban Arlit:

Wa alaikumus salam Alhaji. Ni dai su fara da hanya. Daga Tawa zuwa Arlit ya haura kilomita 600, don yuraniyom aka shimfiɗa ta, har sunansa ta ci. Yau akwai wuraren da gara ka sauka daga kwalta ka bi rairayi. Mota tana tafe da giya 2 yini guda, ta yaya ba za ta sha mai ba, ta yaya ba za ta yi hayaƙi ba? Tayan da ya kamata ya yi shekara, wata 4 ya fashe. Su rubuta wannan ma a takardar tasu.

'Yar Muhalli, Yamai:

Baba Alhaji, aikina ke nan, bari in faɗa maka inda takardar ta samo asali. Masu sayen ma'adinai a Turai da bankunan da ke ba kamfanonin bashi sun daina tsayawa ga hayaƙin mahaƙa kaɗai. Suna tambayar na duk wanda ya taɓa kayan, tun daga tashar jirgin ruwa har bakin rami. Shi ya sa ake neman litar gazuwal ɗinka, lissafinsu za su cike da ita.

Sai dai kamyonka 3 ba su ne babban nauyin ba. Shekara da shekaru farar wutar da ake sarrafa yuraniyom da ita daga tashar jirgin ruwa ta Kwatano ta riƙa hawowa a mota, yuraniyom ɗin kuma ya gangara ta hanyar, fiye da kilomita 1,500. Da aka rufe iyakar Benin a 2023, kayan ƙasar nan suka koma zagayawa ta Lome da Burkina, tafiya ta ƙara tsawo. Wutar lantarkin Arlit daga gawayin ƙasa na Anu Araren take, kusa da Cirozerin. Mahaƙar yuraniyom ta Cominak da ke Akokan, kusa da Arlit, da aka rufe a watan Maris na 2021 ta bar tarin ƙasa mai tururin guba kimanin tan miliyan 20. Ina faɗa maka haka ne don kada ka shiga ofishinsu kamar mai laifi.

Kada ka sa hannu kai kaɗai. Ku haɗu da sauran masu dako, ku nemi su riƙa karɓar baƙin man a ƙofarsu tunda motocinku can suke zuwa, su ba ku rasit da kansu. Ku nemi kwangila ta shekara 3 aƙalla, domin babu bankin da zai ba ka kuɗin sabon inji a kan takardar shekara 1. Rubuta lita kuma ka fara tun gobe, zai nuna maka motar da ke cinye maka riba.

Tsohon Ɗan Jado:

Ku dai har takarda ake aiko muku. Na je Jado a 2014 lokacin da zinariya ta ɓulla, daga baya na yi wanki a wasu ramukan. Da hannu muke murza zaiba, mu ƙona ta a cokali, hayaƙin a hancinmu. Mai saye nauyi kawai yake dubawa, bai taɓa tambayar yadda aka wanke ba. A Zamfara gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a 2010, daga dutsen zinariya da ake niƙawa a tsakar gida. Alhaji, ka nemi ƙarin kuɗinka, haƙƙinka ne, amma duron nan ka ajiye shi ko ba su ƙara ba.

Mai Kamyo, Tawa:

Allah ya saka muku da alheri. 'Yata, maganar su karɓi man a ƙofarsu ba ta taɓa zo mini ba. Na kira mutum 5 cikin masu dako, 4 sun yarda mu zauna bayan Juma'a, ɗayan yana tsoron a ƙwace masa kwangila, ban kuma ga laifinsa ba. Duro 2 na saya yau da safe, suna gareji. Idan akwai mai iya taya mu rubuta amsar da Faransanci kafin Litinin, ya yi mini magana.