Kayan sun fi ƙarfin mashin ɗina, me zan rage?

Assalamu alaikum 'yan uwa matafiya. Ina shirin tashi daga Jos zuwa Gembu da ke tsaunin Mambila a kan Bajaj Boxer ɗina, ta Bauchi, Gombe, Jalingo da Serti, ina kwana a tanti inda dare ya yi mini.

Ranar Asabar na ɗaure komai a kariya da robar tsohon tub: tanti, barguna biyu, risho, tukunya, jarkar ruwa lita 10, galan ɗin fetur da jakar sifanu. Na gangara Hawan Kibo don gwaji. Wallahi kan mashin sai rawa yake, tayar gaba kamar ba ta taɓa kwalta. Na rataya jaka biyu a gefe, salansa ta ƙone ta dama, har bargo ɗaya ya samu tabo.

Bakanikena ya ce in ajiye bargo ɗaya. Ban yarda ba, sanyin Mambila ba wasa ba ne, ko ga mu 'yan Jos.

To ina kuke sa ruwa da fetur nauyin ya daidaita? Akwai wanda ya taɓa sa mai walda ya yi masa ƙarfen da zai raba jaka da salansa? Don Allah a taimaka, saura sati biyu.