Me masu haɗa sababbin sinadaran wanki suke canzawa domin furotin na tantani ya riƙe siffarsa?

Ɗalibar Biyokemistiri:
Assalamu alaikum. Ina aiki a kan wani furotin mai karɓar saƙo da ke zaune a cikin tantanin ƙwayar halitta. Sinadarin wankin da ake kira DDM yana ciro shi daga tantanin sosai, amma bayan tacewa sai ya daina kama maganin da ya saba kamawa. Wane canji ake yi wa sababbin sinadaran wanki har furotin yake daɗewa a cikinsu bai lalace ba?

Malamin Kimiyyar Sinadarai:
Wa alaikumus salam, Malama. Ciro furotin daban, riƙe shi da lafiyarsa daban, kuma sinadarin da ya ƙware a na farko ba lallai ne ya iya na biyu ba. Ƙwayar DDM tana da kai ɗaya na sukarin maltos mai son ruwa, da jela ɗaya mai kabon 12 mai gudun ruwa. Irin waɗannan ƙwayoyi ba sa zama wuri ɗaya, kullum suna shiga suna fita daga dunƙulen da ya lulluɓe furotin, kuma a wannan kai-komon ne sassan furotin da ba sa jure ruwa suke buɗewa har siffarsa ta saki.

Wannan matsala ce Pil Seok Chae da Samuel Gellman na Jami'ar Wisconsin da abokan aikinsu suka tunkara da sabon dangin sinadaran wanki mai suna MNG a 2010. LMNG, ɗaya daga cikin wannan dangi, yana da kai biyu da jela biyu da suka haɗu a kan kabon guda, wato ya fi kusa da kitsen tantani na asali, wanda shi ma jela biyu gare shi. LMNG yana fara dunƙulewa a kusan milimola 0.01 a kowace lita, alhali DDM sai ya kai kusan 0.17, saboda haka ba ya saurin sakin furotin. Da shi ɗakin binciken Brian Kobilka ya riƙe mai karɓar adirenalin na beta-2 haɗe da furotin Gs, mai isar da saƙonsa cikin ƙwayar halitta, a 2011.

Mai Nazarin Siffar Furotin:
Bayanin Malam daidai ne, sai dai wannan riƙon yana da tsadarsa. LMNG yana da wuyar cirewa, kuma dunƙulen da suka rage babu furotin a cikinsu suna dagula hoto a madubin lantarki na daskararren samfur. Shi ya sa nake ganin GDN, wani sinadarin wanki da aka gabatar a 2012, ya cancanci gwaji: jikinsa mai tauri ne irin na kolestarol, kuma ba ya bambanta daga kwalba zuwa kwalba kamar dijitonin, sinadarin wankin da ake samu daga tsiro.

Shawarata, Malama, ki ciro da DDM haɗe da CHS, wani sinadari da aka samo daga kolestarol, sannan ki sauya zuwa LMNG ko GDN tun furotin yana manne a kan ginshiƙin tacewa, ki auna kama maganin a kowane mataki.

Ɗalibar Biyokemistiri:
Na gode ƙwarai, malamaina. Zan fara da ƙara CHS, domin masu karɓar saƙo da dama sun dogara da kolestarol, kuma mai yiwuwa kolestarol ɗin ne DDM yake wankewa.