Wayar haƙori: mai ƙofa ko mai roba, wacce ta fi saurin gamawa?

Yayar Amarya: Assalamu alaikum 'yan zaure, shawara nake nema. Ƙanwata ce haƙoranta na sama suka hau juna, fiƙa ɗaya ma can saman dasashi ta ɓullo don rashin wuri. Mun je Kano an duba ta, an ce waya za a saka. Sai aka ba mu zaɓi: akwai 'yan ƙarafan da ake mannawa a haƙori a ɗaure musu waya da roba, akwai masu 'yar ƙofa da ke rufe wayar da kansu, Damon aka kira su, kuma sun fi tsada. Mai karɓar kuɗi ta ce masu ƙofar sun fi sauri. Saura wata 14 bikinta. Mu ƙara kuɗin?

Maman Biyu: Wa alaikumus salam. Ku ƙara kawai Anti, araha ba ta ado.

Hajiyar Tumfure: Maman Biyu, a nan kam ban bi ki ba. Autana mai ƙofar aka saka wa, aka ce wata 18, sai da ya cinye 28. Kuma ba zan ɗora wa ƙarfen laifi ba. Sau huɗu yana ɓalle su: rake sau biyu, aya sau ɗaya, sai kilishin da kawunsa ya kawo tsaraba. Haƙorin da ƙarfensa ya ɓalle tsayawa yake cak, wani ma ya fara komawa inda ya fito. Mu kuwa daga Gombe ba a ranar za mu kama hanyar Kano ba, sai mu yi sati uku muna cewa gobe.

Maman Biyu: Likita kana gani ka yi shiru.

Likitan Zaure: Ina tare da ku Hajiya, mara lafiya ne a gabana ɗazu. Anti, ƙarfen nan ba shi ke tafiyar da haƙori ba, mariƙi ne kawai. Wayar ce ke turawa, shi kuma ƙashin muƙamuƙi yana narkewa ta gefen da ake dannawa, yana ginuwa ta baya. Wannan aikin jiki ne, ba a yi masa gaggawa: wajen milimita ɗaya a wata. A matsa fiye da ƙima, saiwar haƙorin ce za ta ji a jikinta.

Masu ƙofar ba sabon abu ba ne, tun shekarun 1930 aka fara yin irinsu a Amurka, Damon ne dai ya yi suna daga shekarun 1990. Hujjar masu sayarwa ita ce wayar na zamewa cikin ramin ƙarfen ba tare da roba ta riƙe ta ba. A ɗakin gwaji haka ne. Amma da aka riƙa kwatanta su a bakin mutane, ba a ga wani bambancin a-zo-a-gani a tsawon lokaci ba, duka biyun galibi wata 18 zuwa 24. Abin da na yarda da shi: canza waya ya fi sauri, ba a daɗe a kan kujera ba, kuma babu robar da za ta rine.

Abin da ke ja ko rage lokaci shi ne yawan cunkoson, ko za a cire haƙora, iya mannawar likita, da zuwa duk sati 4 zuwa 8 ba fashi. Irin fiƙar da kika faɗa sai an nema mata wuri, in ta kai ga cire haƙori to rufe giɓin kaɗai watanni ne.

Yayar Amarya: Kai Likita, ka kashe min jiki. To fararen nan da ba sa fitowa a hoto fa?

Likitan Zaure: Na tangaran. Sun fi kyan gani, amma ba su fi sauri ba, sun ma fi saurin fashewa, kuma robarsu na ɗaukar launin shayi da miyar manja.

Malamar Pantami: Ni nawa mai roba ne, wata 20 na gama. Shawarata, kuɗin da za ku ƙara ku ajiye shi na mota da masauki, shi zai hana ku fashi. Ta sayi ɗan siririn buroshin nan mai shiga tsakanin waya, don tuwo da zogale maƙalewa suke, in dasashi ya kumbura likita na iya dakatar da aiki. Ƙuli-ƙuli a daka, nama a yanka ƙanana, gasasshiyar masara a marmasa ta. In an ba ta robar da ake ratayawa daga sama zuwa ƙasa, kada ta riƙa cirewa don kunyar ango.

Hajiyar Tumfure: Ku kuma tambayi kuɗin ritena tun yanzu, abin da ake sawa bayan an cire wayar don kada haƙoran su koma. Autana ya yi wasa da nasa, ga haƙoran ƙasa sun fara karkacewa.

Maman Biyu: Ni abin da ke ba ni haushi masu zuwa a rufe musu wushirya. Abin da wasu ke nema ido rufe!

Likitan Zaure: Anti, ki tambayi likitan da kansa, ba mai karɓar kuɗi ba: wata nawa, za a cire haƙori ko a'a, in ƙarfe ya ɓalle wa zai manna shi a nan kusa. Haƙoran gaba sukan jeru tun a watannin farko, don haka ranar biki murmushin zai yi kyau ko da wayar na nan.

Yayar Amarya: Allah Ya saka da alheri. Na tura mata duka. Ta ce wayar ba matsala, a yi hoton da ita, amma maganar barin rake shekara biyu a ba ta zuwa jibi ta yi tunani.