Lissafin kwanakin al'ada cikin sirri: abin da mata suka ba da shawara

A wata tattaunawa kan yadda mace za ta riƙa lissafin kwanakin al'adarta cikin sirri, yawancin matan da suka tofa albarkacin bakinsu sun fi yarda da biro da ɗan littafi. Ki sa ɗigo ko wata alamar da ke kaɗai kika san ma'anarta a ranar da jini ya fara zuwa, daga nan ake fara ƙirga. Zagayowar al'ada takan ɗauki kwana 21 zuwa 35, ƙwai kuma yakan fito kamar kwana 14 kafin al'ada ta gaba.

A tattaunawar an fi daɗewa ana magana a kan alamomin jiki, kuma a ganina nan ne amfanin yake. Idan lokacin ɗaukar ciki ya matso, ruwan da ke fita ta gaba yakan yi garau, yana yauƙi kamar farin ɗanyen ƙwai. Maniyyi na iya yin kwana biyar a raye cikin jiki, shi ya sa lissafin kalanda kaɗai bai isa hanyar tazarar haihuwa ba.

Manhajar waya kuwa sai da hattara. A 2021 hukumar FTC ta Amurka, mai kare haƙƙin masu sayayya, ta zargi Flo, wata manhajar lissafin al'ada, da miƙa bayanan mata ga Facebook da Google. Ki zaɓi wadda ke ajiye komai cikin wayarki, ba ta neman sunanki, ki kuma kulle ta da lambar sirri.