Alam ɗin gudu yana tsayar mana da kwanbeya ba gaira ba dalili, ku taimaka da shawara

Mai tambaya:
Salamu alaikum injiniyoyi da ogogin wannan zaure. Wata matsala ce ta hana ni sukuni kusan sati biyu yanzu. Muna da kwanbeya, wato bel mai jigilar kaya, a wajen aiki, akwai sensa ta firoksimiti M18, irin mai gane ƙarfe in ya zo kusa da ita, a jikin fulin baya tana kallon ƙarafa huɗu da aka yi wa walda a kan faifai, daga nan waya ta tafi na'urar lura da gudu a fanel. Gudun fulin zagaye 60 ne a minti, an saita alam a kashi 80 cikin ɗari, wato in ya sauka ƙasa da 48 sai ta yanke moton. To abin da ke faruwa shi ne sau biyu ko uku a shif sai kawai ka ji jiniya layi ya tsaya, ka ruga ka duba bel lafiya lau, ba ta saki ba ba ta tsinke ba, ka danna riset ta tashi kamar ba a yi komai ba. Sau ɗaya ina tsaye gaban fanel na ga lambar ta faɗo 45 kafin ta yanke. Na canja sensa sabuwa fil, kwana ɗaya aka samu sauƙi abin ya dawo. Yanzu ogan samar da kaya ya matsa min lamba wai in yi baifas ɗin alam ɗin, wato in tsallake shi kawai, tunda ƙarya take yi, ni kuma gaskiya raina bai kwanta da hakan ba. Me zan duba?

Amsa ta 1:
Wa alaikumus salam. Kafin komai dan Allah kar ka yi baifas ɗin nan ƙanena. Ranar da bel ta maƙale da gaske fulin gaba zai ci gaba da juyawa yana gurzar roba a wuri ɗaya har ta yi zafi ta kama hayaƙi, kuma wanda ya ce ka cire ba shi za a tambaya ba, hannunka ne a fanel. Ka ce masa ya ba ka awa biyu a tsayar da layi.

Amsa ta 2:
Malam ai ka ba da amsar da bakinka. 45 kashi uku cikin huɗu ne na 60. Ƙarafanka huɗu ne, in na'urar irin mai ƙirga bugu ce, wato siginar da sensa ke turawa duk sanda ƙarfe ya wuce gabanta, to ɗaya daga cikinsu sensa ba ta ganinsa, shi ke nan. Bel ɗin da ke sulɓewa ba ta faɗowa kan lamba ɗaya cas ta tsaya, za ka ga tana wasa ne, 57, 52, 55, musamman in an loda kaya. M18 irin wadda ake nutsarwa daidai da biraket yawanci milimita 5 aka rubuta mata, amma wannan 5 ɗin ta takarda ce, tazarar da masu ƙera ta suka ba da tabbaci a kai kashi 81 cikin ɗari ce, wajen milimita 4 kenan, kuma a kan baƙin ƙarfe na gama gari. In ƙarafan sitenles ne tazarar ta ragu, in alminiyom ne ba ta kai rabi ba ma. Ka kashe layi ka kulle suwic da kwaɗonka, ka juya fulin da hannu ka auna tazarar kowane ƙarfe ɗaya bayan ɗaya kana kallon ƴar fitilar bayan sensa. Ka kuma jijjiga shaf ɗin ka ji ko boris ya yi wasa, don shi ne ke sa abu ya zo yau gobe ya ɓace.

Amsa ta 3:
Ni na fi zargin waya. Moton naku inbata, wato na'urar sarrafa gudun moto, ke jan shi? In kebul ɗin sensa na tire ɗaya da wayar da ta fito daga inbata sai ka ga abin mamaki. Ko da yake shi yawanci ƙara bugu yake yi gudun ya nuna sama, ba ƙasa ba. Amma dai ka duba wayoyin sensa, ruwan ƙasa da shuɗi, ko kana samun 24V tsayayye, baƙar wayar kuma ka ja ta a tamina ka gani ko ta saki.

Mai tambaya:
Eh inbata ne oga, amma tire daban suke bi. Zan dai duba tamina ɗin.

Amsa ta 4:
Duk sun faɗi gaskiya, ni abin da ya dame ni daban ne. Tsarinku bai iya bambance sensa ta lalace da bel ta tsaya ba, duka jiniya ɗaya ce, shi ya sa mutane suka daina yarda da ita har ana zancen a cire. Sensa mai waya uku in wayarta ta tsinke na'urar sifili kawai za ta gani, daidai da fuli ya tsaya cak. Sensa irin NAMUR mai waya biyu ba haka take ba, ana ba ta 8.2V kuma kullum akwai ɗan karan, wato wutar lantarki, da ke bi ta cikinta, ƙasa da 1.2mA in ƙarfe na gabanta, sama da 2.1mA in babu. To in karan ɗin ya faɗi kusan sifili na'urar ta san waya ce ta tsinke, in ya haura wajen 6 zuwa 7mA ta san wayoyin sun haɗu, sai ta kunna fitilar matsalar sensa daban. Haka ma sigina na 4 zuwa 20mA, shi ya sa aka fara daga 4 ba daga sifili ba, a ƙa'idar NE 43, wadda ta tsara yadda irin wannan sigina ke nuna matsala, duk abin da ya yi 3.6 zuwa ƙasa ko 21 zuwa sama lalacewa ce ba awo ba. Amma ka lura, ko NAMUR ɗin ba za ta kama ƙarfe ɗaya da ya lanƙwashe ba, wannan sai a PLC, kwamfutar da ke sarrafa injin, ka sa ya riƙa auna lokacin da ke tsakanin bugu da bugu, a gudunku kwata na sakan ne, in ya ga rata ɗaya ta ninka a kowane zagaye ya rubuta a duba sensa. Kuma rile ɗin, wato suwic ɗin da ke yanke moton, ya zama yana jan wuta ne lokacin da komai ke lafiya, ya saki in an samu matsala, don in wutar na'urar ta ɗauke layin ya tsaya.

Amsa ta 1:
Ƙari a kan wannan, alam ɗin ya riƙa zama a kunne har sai mutum ya zo ya danna, kuma a rubuta lokaci da lambar da ya nuna. Sannan kar wani ya ba ka shawarar ka ƙara dilei, wato jinkiri kafin alam ya yanke, zuwa sakan 30 wai a huta, wannan baifas ne da ya canja riga. Dilei na tashi daban, shi ana sa shi ne daidai lokacin da bel ke ɗauka ta kai gudunta.

Mai tambaya:
Alhamdulillah jama'a, an ba ni layin da safen nan. Ƙarafa uku tazararsu tsakanin 3 da 3.5, na huɗun kuwa 4.8, ya ɗan lanƙwashe baya kamar wani abu ya taɓa dukansa, ga boris ɗin gefen sensa yana wasa har kana jin ƙas ƙas in ka ɗaga shaf. Ashe lokacin da na sa sabuwar sensa na ɗan matso da ita ne shi ya sa aka samu kwana ɗaya. Mun miƙe ƙarfen, na saita duka a 3, na ɗaure noti biyun da kyau, boris kuma an rubuta a canja ranar sabis. Awa bakwai yanzu lambar na kan 60. Allah ya saka da alheri. Oga mai amsa ta 4, in zan koma NAMUR sai na canja na'urar fanel ɗin gaba ɗaya?

Amsa ta 4:
Duba takardarta tukuna, da yawa suna karɓar iri biyun, tamina ce kawai daban da ɗan suwic na kunna lura da waya. In taka ba ta da shi akwai amfilifaya ƙarama da ake sawa a tsakani, tana ba da bugun ta hanya ɗaya, matsalar waya ta wata hanyar. Turo min lambar da ke jikin na'urar in duba maka.