Neman kalmar Hausa da ta dace da "abut"

Malamai da 'yan uwa masu aikin fassara, ga wata kalma da ta tsayar da ni a wannan makon. Wani dattijo ne ya kawo mini takardar awon filinsa domin in juya masa ita zuwa Hausa, sai na tarar an rubuta cewa filin "abuts" hanyar mota ta ɓangaren arewa. Na fassara da "yana kusa da hanya", amma da na karanta masa sai ya girgiza kai ya ce, "Yaro, wane irin kusa? Bakin kwaltar nan ai shi ne ƙarshen filina." Gaskiyarsa kuwa, domin a shari'ar fili wannan bambancin na iya sa mutum ya rasa mashigar gidansa.

Kalmar ta shigo Turanci ne daga tsohon Faransanci, tushenta kuma "bout", wato ƙarshen abu ko bakinsa. Abin da take nufi shi ne ƙarshen wani abu ya taɓa wani, ba tare da an bar ko taƙi ɗaya a tsakaninsu ba. Saboda haka "kusa da", "dab da" da "daura da" duk ba su cika ma'anar ba, tunda kowannensu yana barin sarari.

Wani abokin aiki ya ba da shawarar "maƙwabtaka", ni kuwa ban gamsu ba. Mutumin da ke tsallaken layinku maƙwabcinka ne, yana da haƙƙin maƙwabtaka a kanka, alhali lungu ya raba katangarka da tasa. Haka abin yake ga Jihar Kano: kafin a cire Jigawa daga cikinta a 1991 ƙasarta tana taɓa Jamhuriyar Nijar, yau kuwa sai ka ratsa Jigawa ko Katsina kafin ka isa, amma babu Bakanon da ya daina kiran mutanen Damagaram maƙwabta.

Abin da na fi natsuwa da shi yana nan cikin takardun cinikin gona da ake rubutawa gaban mai unguwa da shaidu: "gabas ta yi iyaka da gonar wane, yamma da burtali, kudu da rafi." Wannan ita ce ma'anar daidai wa daida. Duk da haka na fi son "haɗa iyaka da" a rubutun doka, saboda "yi iyaka" na iya rikiɗewa ya zama "tsaya a nan" idan aka sa "a" a gurbin "da", kuma mai neman rigima ba ya rasa inda zai kama. Idan gini ne da gini, Bahaushe ya riga ya gama magana da "sun haɗa katanga".

Inda har yanzu nake kai-kawo shi ne sunan da injiniyoyi suka ciro daga wannan aikatau, "abutment", wato ginin kankaren da ke kowane ƙarshen gada, wanda yake ɗaukar nauyinta yana kuma tokare ƙasar gaɓar kogi. "Ƙafar gada" ba za ta yi ba, don ginshiƙan tsakiyar ruwa sun fi cancantar wannan suna. Na rubuta "madogarar gada" a takardata, sai dai ina son in ji yadda magina da kansu suke kiransa a wurin aiki, musamman a Sakkwato da Maraɗi, kafin in tsayar da shi.